Daga Gatarin Abagayawa Zuwa Injin Zarto: Tarihin Itacen Girki a Ƙasar Gaya

Hausawa na cewa sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho. Maganar gaskiya ce, amma a zamanin gatari aka yi ta. Wanda ya fara faɗarta bai taɓa jin kukan injin zarto ba, injin da kan kwantar da ɗorawar da ta girmi kakanka kafin ruwan shayi ya tafasa. Yau wanda ya bi hanyar Wudil zuwa Gaya, ko ya shiga ƙauyukan Ajingi da rani, ba zai rasa ganin kututture a tsakiyar gonaki ba, kansu sumul kamar faifai, alamar ba gatari ne ya yi aikin ba.

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ga kuma tsadar gas da kananzir, gidaje da yawa sun koma murhu da gawayi. Itace ya yi kuɗi. Matasa na ganin bidiyo a Facebook da TikTok na injinan Turai masu haɗiye gungume su amayar da shi a faskare, sai tambaya ta taso: wane inji ya kamata in saya in shiga wannan sana'a? Tambaya ce mai kyau, amma amsarta ba ta cikin takardar farashi. Tana cikin tarihin yadda mutanen wannan ƙasa suka yi fiye da shekara dubu suna ƙona itace ba tare da sun ƙarar da bishiyoyinsu ba.

Garin maƙera

Gaya na cikin tsofaffin garuruwan ƙasar Hausa. Abagayawa, tsofaffin maƙeran birnin Kano, suna danganta asalinsu ga wani maƙeri mai suna Kano, wanda aka ce ya taso daga Gaya ya sauka gindin dutsen Dala neman tama. Binciken masu tonon kayan tarihi ya nuna ana narka tama a Dala tun wajen ƙarni na 7. Ke nan tarihin Kano da wuta ya fara, wutar kuma da itace aka hura ta.

Tama ba ta narkewa da ƙiraruwa. Sai an sami gawayin ice mai tauri da zai riƙe zafi sama da digiri 1,000 na tsawon sa'o'i, ana zuga shi ba hutawa. Shi ya sa maƙera suka fi son ƙirya, icen da har yau da shi ake sassaƙa turmi da taɓarya mai ƙarko. Abin lura a nan shi ne, ƙarfen da ake ƙera gatari da shi sai da ya ci bishiya kafin ya zama gatari. Ƙarfe na da tsada, gatari abin gado ne, mai shi kuma ba ya kai shi kan kowane gungume don kada bakinsa ya karye.

Gatari yana da iyaka, kuma iyakar tasa ce ta tsara yadda aka yi mu'amala da bishiya. Ka da tsohuwar tsamiya aiki ne na ƙarti, na wuni guda ko fiye, faskara ta kuma aikin kwanaki. Hawa sama a sare reshe biyu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Saboda haka girkin gida ya dogara ga rassa, da busasshen ice, da sabara da kalgo da geza da ake sassabewa kafin shuka, da kuma karan dawa da na gero bayan kaka. Gangar jikin bishiya tana nan tsaye, baɗi ta sake toho.

Bishiya mai ubangida

Jinkirin gatari shi kaɗai bai isa ya kare bishiya ba. Abu na biyu shi ne mallaka. A ƙasar Kano, inda gona ke manne da gona, kowace bishiya tana da mai ita. Ana gadonta, ana rigima a kanta gaban mai unguwa, a wasu wuraren ma ana jinginar da ɗorawa daban da gonar da take ciki. Manomi ya san abin da kowacce ke ba shi. Ɗorawa na ba da kalwa a yi daddawa. Kuka na ba da miya da igiya, icenta kuwa ko wuta ba ya ci da kyau. Tsamiya ta kunu ce, kanya da ɗinya na yara, bagaruwa ta majema. Gawo kuwa halinsa daban ne: da damina yake zubar da ganye, ya bar hasken rana ya sauka kan gero, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da abinci, su kuma su bar wa gonar taki.

Sare babbar bishiya ba ƙaramin al'amari ba ne a idon mutanen da. Littafin Tarihin Kano ya ambaci kurmin Jakara da Maguzawan farko ke girmamawa, ya kuma kawo cewa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, an sare bishiyar tsafi aka gina hasumiyar masallaci a wurinta. Faɗuwar bishiya guda ta isa a rubuta ta cikin tarihin sarakuna.

Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, adadin da kan ninka idan fatake suka cika gari. Abin da ya burge shi a karkara shi ne gonaki masu cike da manyan bishiyoyi jefi-jefi, har ya kwatanta ƙasar da lambu. Wannan lambu ba daji ba ne da ya tsira daga hannun mutane. Mutane ne suka zaɓi abin da za su bari, suka rene shi.

Turawa da tsoron Sahara

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa, aka faɗaɗa gonaki, birni ya fara kumbura. Ƙarfen da aka riƙa shigowa da shi da tarkacen jirgi da na mota suka kashe sana'ar narka tama, amma suka sa gatari ya yi araha, kowane gida ya mallaki nasa.

Turawa sun zo da nasu fahimtar: bishiya tana tsira ne idan aka killace ta aka kori mutane. Dokokin gandun daji na 1916 da 1937 suka ba gwamnati da En'e ikon keɓe dazuzzuka da hana sare wasu itatuwa sai da izini. A 1934 wani farfesan ilimin daji daga Jami'ar Edinbura, E. P. Stebbing, ya ratsa arewacin Najeriya da ƙasar Nijar da rani, ya koma gida ya wallafa a 1935 cewa Sahara na gangarowa kudu, kuma manoma da makiyaya ne ke share mata hanya. Maganar ta tayar da hankali har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya zagaya kan iyaka a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai ga hujjar cewa hamada na tahowa yadda ya faɗa ba. Duk da haka maganar Stebbing ce ta zauna a zukatan hukumomi, kuma tun daga lokacin ake kallon talaka mai gatari a matsayin maƙiyin bishiya.

Wani abin da wannan zamani ya bari shi ne darbejiya. Asalinta daga ƙasar Indiya ne, an fara dasa ta a lardin Borno a 1928, daga can ta bazu har ta zama bishiyar ƙofar gida da bakin kasuwa a Gaya da ko'ina. Tana jure fari, tana saurin girma, kuma ko an datse ta tana sake fitar da rassa. Za mu dawo kanta.

Daga jaki zuwa babbar mota

Har cikin shekarun 1960, jakai ne ke ciyar da murhun Kano. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya bayyana yadda manoman kewayen birni ke shigar da itace a kan jakai da rani, su fito da mangalar taki zuwa gonakinsu. Jaki ma, kamar gatari, yana da iyaka: ba ya wuce tafiyar da zai je ya dawo a wuni guda, ba ya kuma ɗaukar gungume.

Bayan farin 1972 zuwa 1974, masana a Turai da Amurka suka yi hasashen cewa biranen Sahel za su cinye bishiyoyin da ke kewaye da su, da'ira bayan da'ira, har ƙasa ta zama fako. Wasu malaman Jami'ar Bayero, cikinsu har da Mortimore da Reginald Cline-Cole da J. A. Falola, suka sa wannan hasashe a ma'auni. Sun ƙirga bishiyoyi a gonaki, sun kwatanta hotunan da jiragen sama suka ɗauka a shekaru daban-daban, sun bi sawun 'yan itace. Sakamakon ya fito a 1990 a littafin Wood Fuel in Kano, wanda Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga. Abin da suka gano ya saɓa wa hasashen: a gonakin da ke kusa da birni, inda jama'a suka fi yawa, bishiyoyi ba su ragu ba. Manoma ba su yarda su sayar da jarinsu ba.

To daga ina itacen ke zuwa? Kwalta da manyan motoci da man fetur mai araha na shekarun 1970 sun ba dillalai damar tsallake gonakin Kano su tafi ɗaruruwan kilomitoci, zuwa dazuzzukan kudu da gabas inda bishiya ba ta da takamaiman mai ita. Can marke da ƙirya suka sha sara. Darasin a fili yake: inda bishiya ke da ubangida ta tsira ko da tana bakin birni, inda kuwa ta kowa ce, nisa bai cece ta ba.

Gaya da Ajingi suna gefen gabas na wannan yanki na gonaki masu bishiya. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Gaya na da mutum sama da 200,000, Ajingi sama da 170,000, kuma kusan kowane gida da ice ko kara yake girki. Ga gidajen burodi, ga masu tsire, ga masu shayi, ga mata masu turara shinkafa. Buƙata ba sabuwa ba ce. Sabon abu shi ne inji ya shigo gona.

Asalin injin

Abin mamaki, ba don itace aka fara ƙera zarto mai sarƙa ba. Likitoci biyu 'yan Sikotilan, John Aitken da James Jeffray, su suka fito da shi a ƙarshen ƙarni na 18 don yankan ƙashi a tiyata. A Jamus ne aka mayar da shi kan bishiya: Andreas Stihl ya yi mai aiki da lantarki a 1926, Emil Lerp ya yi mai shan fetur a 1927. Na farkon masu nauyi ne, sai mutum biyu sun riƙe. A 1947 wani Ba'amurke, Joseph Cox, ya fito da sabon haƙorin sarƙa bayan ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin ice, kuma salon haƙorinsa ne ake amfani da shi har yau. Daga wajen 1950 aka sami wanda mutum ɗaya zai ɗauka ya shiga daji.

Shi kuwa babban injin da ake gani a bidiyo, haɗakar abu uku ne: zarto mai yanka gungume guntu-guntu, da hannun ƙarfe mai aiki da matsin mai wanda ke tura guntun kan wuƙa ya tsage gida biyu ko huɗu ko shida, da bel mai ɗebe faskararren icen ya zuba a mota. Ƙasashe irin su Finlan da Suwidin da Kanada ne gidansa, kamfanonin Finlan irin su Palax da Hakki Pilke da Japa sun yi suna a kansa. An ƙera shi ne don dazuzzukan da ake shukawa ana girbewa bisa tsari, masu itatuwa miƙaƙƙu kamar turken lantarki. Icenmu ba haka yake ba. Gawo da tsamiya da ƙirya karkatattu ne, masu ƙulli, masu tauri, ga kauri da ya wuce bakin yawancin waɗannan injina. Wanda ya narka miliyoyi ya shigo da irinsa Gaya zai tarar ba shi da abin ba shi.

Wane inji, don wane aiki?

A sana'armu ta rubuta manhaja akwai wata ƙa'ida da Gene Amdahl ya bayyana a 1967: duk yadda ka ƙara wa wani sashe na aiki sauri, aikin gaba ɗaya ba zai wuce abin da sashen da bai sauya ba ya ƙyale shi. Sana'ar itace matakai ce: bishiya ta girma, a sare, a yanka, a faskara, a busar, a kai kasuwa. Inji yana gaggauta sara da yanka da faskare. Mota tana gaggauta kaiwa. Babu injin da ke gaggauta girman ɗorawa.

Daga nan matsalar ke farawa. Wanda ya ci bashi ya sayi injin zarto dole ya ba shi aiki kullum, don fetur da sarƙa da mai bin bashi ba sa jira. Busassun itatuwan yankinsa ba za su kai shi ko'ina ba. Sai ya koma kan ɗanyu. Lokacin da ya fi samun ciniki kuwa shi ne bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin taki, ga rashin lafiya. Ya tsaya gaban manomi da kuɗi a hannu, kuma aikin da a da zai ci kwanaki har dangi su ji labari su sa baki, yanzu kafin azahar an loda shi a mota. Maigida ya karɓi kuɗi sau ɗaya. Matar gida da ke dafa kalwa tana sayar da daddawa duk shekara ta rasa jarinta har abada, ba kuma lallai an yi shawara da ita ba. Idan gawayi za a yi da icen, asarar ta fi haka, don a ramin gargajiya sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na ice kafin a sami kilo 1 na gawayi.

Wannan ba ya nufin inji haramun ne. Yana nufin a fara da ƙirga itacen da ake da halaliyarsa, sannan a zaɓi ƙarfen da ya dace da shi. Wanda aikinsa rage rassan darbejiya ne, da yanka bishiyar da iska ta kayar, ƙaramin zarto mai takobi inci 14 zuwa 16 ya ishe shi. Dogon takobi na ka da manyan itatuwa ne, wanda ya saye shi kuma ya riga ya faɗi niyyarsa. A zaɓi samfurin da ake samun sarƙarsa da fulogi da matatar iska a kasuwannin Kano, don ƙurar hunturu na toshe matata, yashin da ke maƙale a ɓawo kuma na dakushe haƙori cikin ɗan lokaci. Injin na shan fetur ne gauraye da man da aka yi dominsa, bisa ma'aunin da kamfanin ya rubuta. Wanda ya zuba masa tsuran fetur ya kashe shi. Mafi munin haɗarinsa shi ne idan saman ƙarshen takobin ya taɓa ice, sai ya zabura ya yo kan fuskar mai riƙe da shi. Don haka ba a yanka da tsinin, ba a ɗaga shi sama da kafaɗa, ba a riƙe shi da hannu ɗaya, ba a kuma aiki da silifa da babbar riga.

Ƙaramin injin faskare mai matsin mai ya fi zarto sauƙin illa ga daji, tunda ba ya ka da komai, abin da aka kawo masa kawai yake tsagawa. Icen da aka faskara yana saurin bushewa, busasshe kuma ya fi ba da zafi da ƙarancin hayaƙi, alhali ɗanye kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Sai dai shi ma yana da wanda yake taɓawa: masu faskare da ke yawo da gatari a kafaɗa, yawancinsu 'yan ci-rani, da wannan aiki suke kai wa iyalinsu abinci.

Hukuma ma ta fara farkawa. A 2025 gwamnatin jihar Kano ta sanar da hana amfani da injin zarto ba tare da izini ba. Mai niyyar saye ya fara da neman wannan izini. Amma tarihin dokokin 1916 da 1937 ya nuna takarda ita kaɗai ba ta tsare bishiya.

Abin da Maraɗi ta koya

A shekarun 1980 gonakin yankin Maraɗi sun kusa zama fili fetal. Dokar daji ta Nijar ta mayar da itatuwa mallakar gwamnati, manomi na iya shan tara a kan bishiyar da ke gonarsa, don haka bai ga dalilin renon ta ba. A 1983 wani ma'aikacin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturen bishiyoyi masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture suna datse sauran, abin da suka kira sassaben zamani. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata bishiyar tasa ce, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona. Masana sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram, da bishiyoyi kusan miliyan 200. Kayan aikin da aka yi wannan da su adda ce da gatari.

Abin da Maraɗi ta dawo da shi da ƙyar, ƙasar Gaya ba ta gama rasa shi ba tukuna. Har yanzu akwai gawo a gonakin gero, akwai ɗorawa da kuka, akwai dattawan da suka san wace bishiya ake rage wa rassa, a wane wata, da wadda ba a taɓawa. Tsare-tsare biyu ne suka riƙe wannan lambu tun zamanin Abagayawa: jinkirin gatari, da sanin cewa kowace bishiya tana da mai ita. Inji ya ɗauke na farko, kuma ba zai dawo ba. Saura na biyu.

Saurayin da ke son shiga sana'ar itace a Gaya ko Ajingi yana da hanya mai ɗorewa: ya dasa layin darbejiya a iyakar gona, ya yi yarjejeniya da masu bishiya a kan rassa kawai, gaban mai unguwa da sanin matan gida, ya riƙa zagayawa yana komowa kan kowace bishiya bayan shekara biyu ko uku. Ribar ba za ta zo da gudu ba, amma shekara 20 nan gaba zai sami abin yankawa. Wanda ya zaɓi dogon takobi zai fi shi kuɗi bana da baɗi. Daga nan sai ya sayar da injin, ko ya loda shi a mota ya nufi gonakin wasu.